Fitilu Bakwai na Ɗanasabe

Duk garin Kiru babu wanda bai san Ɗanasabe direba ne ba, domin shi da bakinsa ya bi kowa ya gaya masa. Abin da dai ba a taɓa gani ba shi ne motar da yake ja. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana yaron mota a hanyar Kano zuwa Jos, yana ɗaure kaya yana sa wa taya dutse, daga baya ubangidansa ya sallame shi, ya dawo gida ya tare a bencin mai shayi yana tuƙi da baki. A kan bencin nan ya sha tsallake dajin Falgore cikin talatainin dare, ya sha kauce wa kura da yatsa ɗaya a kan sitiyari, shayinsa ko ɗigo bai zube ba.

Matarsa Saudatu ce ta gaji da tuƙin benci. Mahaifinta, Alhaji Alkasim, yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake kai iri da taki gonarsa ta Doguwa, direbanta kuwa ya samu babbar mota ya yi gaba. Saudatu ta yi ta sintiri gidansu, ta bi ta wajen uwarta, ta bi ta wajen gwaggonta, har Alhaji ya gaji ya aika a kira masa surukin. Ɗanasabe ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya tsugunna can nesa, kai a ƙasa kamar na Allah.

"Ga mukulli," in ji Alhaji. "Damina ɗaya na ba ka. In ka kai ta kaka lafiya, kai da ita har illa masha Allahu. In ka yi mini wasa da ita zan karɓi abina, kuma kada a turo mini mata ban haƙuri."

"In sha Allahu, Baba."

Yana fita waje wuyansa ya miƙe. Ya zagaye motar sau uku, hannu a baya. Tayoyin sun sha duniya, batirin sai an tura da safe, gilashin gefen direba ya maƙale a ƙasa tun ba a haifi Saudatu ba. Duk wannan bai dame shi ba. Fitilun ne suka tsaya masa a rai, guda biyu jal, sun dushe kamar idon mai jin barci.

"Da fitila ake gane direba," ya ce wa Saudatu a daren. "Ranar da Baba ya ga yadda zan tsaga masa Falgore cikin dare, ba zai jira kaka ba. A nan take zai ce na cinye."

"Maigida, shi fa cewa ya yi ka kai ta lafiya. Bai ce ka tsaga komai ba."

"Ke ba ki san harkar mota ba."

Washegari ragon da yake kiwo don layya ya tafi kasuwa bai dawo ba. Ɗanasabe ya sa aka tura masa motar, ya nufi Kwanar Dangora, rumfar Ɗahiru mai wayarin, wanda duk direbobin yankin suke kai wa motocinsu in wuta ta rikice.

"Dare nake so in kora," ya ce tun kafin ya gama sallama.

Ɗahiru ya goge hannu da tsumma. "Wace hanya za ka riƙa bi?"

"Falgore. Cikin damina. Ruwa, iska, namun daji, duk nawa ne."

"To, ga abin da ya dace da kai." Ɗahiru ya zaro wasu ƙanana guda biyu masu rawayan gilashi. "Waɗannan a ƙasa ake ɗaura su, ƙarƙashin bamba. In ruwa ya tsuge, haskensu kwalta yake bi, ba ya dawo maka ido. Ga wasu biyun masu baza haske gefe da gefe, ka hango dabba tun tana cikin ciyawa. In kana son mai dogon zango, ɗaya ta ishe ka, ita ma da makunninta daban, in ka hango mota ka kashe."

Ɗanasabe ya ɗaga 'yar rawayar da yatsa biyu, ya yatsine fuska. "Wannan ai shawara ce ta kama ta. Ni zan shiga Kiru da fitila mai ciwon shawara? Kuma a ƙarƙashin bamba, wa zai gan ta a can?"

"Ba don a gan ta ake sa ta ba. Don kai ka gani ne."

"Malam Ɗahiru, tsakani da Allah, ka taɓa tsallake Falgore da dare?"

"Ban taɓa ba. Amma waɗanda suka tsallake nan suke kawo motocinsu, waɗanda ba su tsallake ba ma nan ake jawo su."

Masu facin taya da ke gefe suka yi dariya, abin ya sosa wa Ɗanasabe rai. Ya miƙa hannu can saman rumfar ya nuna wata doguwar farar fitila mai tsawon taɓarya, ya haɗa da farare shida zagayayyu, kowace ta kai murfin kwano. Ya ce duka bakwai ɗin a kan rufin mota yake son su, a jere, yadda mutumin Bebeji zai hango shi tun yana Kiru.

"Batirinka ba zai ɗauka ba," in ji Ɗahiru. "Sai an sa fis mai yanke wuta in ta yi yawa, an ja waya mai kauri, an raba musu makunnai. Kuma a kan rufi hancin motarka za su haska, shi kuma ya maido maka."

"Wannan duk dabarar cin kuɗin aiki ce. Ni na kwana ƙarƙashin mota shekara goma sha ɗaya."

"Barci ka yi a ƙarƙashinta, ai mun sani." Ɗahiru ya juya wajen masu faci. "Ku shaida, kaya na sayar masa, aiki ban yi ba."

Ɗanasabe ya tsallaka titi ya sayi naɗi guda na wata siririyar jar waya a wajen mai kayan rediyo, don ta fi araha kuma ta fi kyan gani, ya koma gida.

Kwana uku ya yi rabinsa a cikin mota, ƙafafu a waje. Ya huda rufi da ƙusa, ya ɗaure fitilu da noti, inda noti ya ƙi ya sa robar taya. Maƙwabcinsa Balarabe, manomi ne da ba ya ganin abin tsokana ya wuce, shi ya zauna a inuwa yana miƙa masa sifana.

"To ina makunnin?" in ji Balarabe ranar da aka gama.

"Wane makunni?"

"Na kashewa."

"Wanda ya sayi haske me zai yi da duhu? Da mukulli na haɗa su. Mota ta tashi, gari ya waye. Ko Turawan da suka ƙera ta ba su yi wannan tunanin ba."

"Ai kuwa ba su yi ba," in ji Balarabe.

An yi gwaji bayan sallar isha, lokacin da babu wuta a gari, magidanta sun baje tabarmi a ƙofar gida ana cin tuwo cikin rufin asirin duhu. Balarabe ya tura, motar ta yi tari ta tashi, sai unguwa ta koma tsakar rana. Kaji suka diro daga kan katanga suka hau tono. Wani dattijo da ya shekara yana cewa haƙoransa sun daina nama, aka gan shi da tsoka biyu, ɗaya a baki ɗaya a hannu. Wani da ya ce wa iyalinsa ya tafi ta'aziyya Bebeji ya bayyana a gaban mai tsire, baki duk ƙuli. Liman na fitowa daga masallaci hasken ya doke shi, ya yi ta lalube, ya tafi gida da takalmi wari nasa wari na ladan.

Ɗanasabe ya zaga gari sau biyu yana danna hon. Da safe mai unguwa ya aiko a gaya masa in ya sake haska gidajen mutane a wajen hakimi za su haɗu.

"Kin ji ko?" ya ce wa Saudatu. "Har hukuma ta san da zamana."

"Baba ya gani?"

"Zai gani. Da rana ba a gane darajarsu."

Ranar ta zo da wuri. Masarar Alhaji ta Doguwa ta isa sa taki, ya sayi buhu ashirin, aka loda, aka rufe da tamfol aka ɗaure tam, don taki da ruwa ba sa ga maciji. Balarabe ya hau baya zai taya saukewa. Alhaji ya fito da carbinsa, ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon rufin motarsa.

"Mene ne wannan?"

"Ɗan gyara ne, Baba."

"Uhm." Alhaji ya shiga gaba. "Azahar ta yi. Ina so mu tsallake Falgore kafin magariba. Dajin nan ko da rana sai da addu'a."

Nan fa Ɗanasabe ya shiga jan ƙafa, don shi dare yake jira. A Kwanar Dangora ya ce taya na son iska, aka sa wa huɗun ɗaya bayan ɗaya. Gaba kaɗan ya ce inji ya yi zafi. Ya riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, har masu keke suna wuce shi. Duk motar da suka yi kiciɓis da ita, direban sai ya fito da hannu yana buɗe yatsu yana rufewa, wato fitilarka na kunne da rana tsaka. Ɗanasabe ya riƙa ɗaga musu hannu yana murmushi.

"Duk yarana ne, Baba," ya ce. "Hanyar nan babu wanda bai san ni ba."

A Tudun Wada magariba ta riske su. Ya bar motar a kunne a ƙofar masallaci, don in ya kashe sai turi, aka yi salla sahu uku kowa inuwarsa ta kai bangon gabas. Da suka fito hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta kudu. Alhaji ya dubi sama, ya dubi surukinsa, ya shiga mota.

Da farko abin ya yi daɗi. Hanya ta haskaka tar, ana ganin ganyen bishiya ɗaya-ɗaya. Ɗanasabe ya kishingiɗa, ya saki sitiyari sai yatsa ɗaya, yana satar kallon Alhaji. Sai ga tirela ta taho. Ta rage fitila, ta ƙara, ta rage, tana roƙon a rage mata. Ɗanasabe ba shi da abin ragewa. Mai tirela ya ga abin raini ne, ya sakar masa duk abin da Allah ya hore masa. Ɗanasabe ya daina ganin komai sai kore da ja, ya sauka daga kwalta, ya bi ta kan kunyoyin wani bawan Allah, ya dawo. Daga bayan motar aka jiyo Balarabe yana salati. Mai tirela ya wuce ya bar musu daƙuwa ta taga.

"Hassada ce, Baba," in ji Ɗanasabe. "Bai taɓa ganin irinsu ba."

Bai rufe baki ba wasu idanu biyu suka yi ƙyalli a tsakiyar hanya. Mutumin da ya sha kauce wa kura a benci ya taka birki da ƙafa biyu, hular Alhaji ta faɗo kan cinyarsa. Zomo ne. Hasken ya ɗaure shi, ya kasa shiga daji, ya miƙe kan kwalta yana gudu a gabansu, ya tsaya in sun tsaya. Haka suka bi zomo a baya kusan mil guda kafin ya samu kwalbati ya faɗa.

Sai ruwa ya tsuge.

Abin da Ɗahiru ya faɗa bai rage ko wasali ba. Fitilu bakwai suka kama kowane ɗigo suka haska shi, gaban motar ya zama farin bango. Hancin motar kuwa yana ta ƙyalli yana maido masa ido. Ɗanasabe ya manna goshi a gilashi, bai ga hanya ba. Ya fito da kai ta tagar da ba ta rufuwa, ruwa ya cika masa kunne.

"Kana gani kuwa?" in ji Alhaji.

"Ras, Baba."

"To me ya sa muke kan tulin yashi?"

Dole aka sauko da Balarabe. Ya rufa leda a ka, ya sami kara yana dogara gefen kwalta, yana tafe yana kiran dama da hagu, mota mai fitila bakwai na bin sa a baya kamar makaho da ɗan jagora. Wani mai babur ya zo da 'yar fitilarsa ɗaya da ke lumshewa, ya wuce su abinsa, har ya waiwayo ya yi musu sannu.

Ruwan ya ɗauke daidai wani ɗan ƙauye kafin bakin daji. Ɗanasabe ya sauke ajiyar zuciya, ya fara gyara zama zai maido da martabarsa, sai ya tarar da garken shanu sun cika hanya, ana komawa da su ruga. Hasken na dukansu suka ƙame. Saniya ta kai hamsin, kowace ta zuba wa motar ido, babu mai motsi. Ya danna hon, ko kunne ba su kaɗa ba.

Makiyayin ya zagayo ta taga, hannu a kan ido. "Sannu direba. Kashe wutar nan, nagge ba sa ganin hanya."

"Ka kore su mana. Ba sanda ce a hannunka ba?"

"Ni ma ba na ganinsu."

Suna cikin wannan sai wani abu ya faɗo kan gilashi yana kaɗa fiffike. Wani ya biyo. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ke fitowa daga shuri in ruwan farkon damina ya ɗauke da dare, ya kuma san abin da yake nema. Shinge ne, kuma duk faɗin yankin nan babu haske sai na Ɗanasabe. Kafin a ce kwabo sun taso daga kowane shuri na gabas da yamma. Suka rufe fitilun, suka rufe gilashi, suka kwararo ta tagar direba. Suka shiga wuyan rigarsa, suka shiga hanci. Alhaji na zaune bai motsa ba, gemunsa na ta motsi.

Can sai ga hayaniya daga cikin ƙauye. Mata da 'yan mata ne da samari, da kwanoni da bokitai da tsintsiya, wasu da ruwa a roba. A gabansu wata tsohuwa mai ƙosai da ake kira Inna Zulaihat, zani ɗaure a ƙugu, tana ba da umarni. Shekara da shekaru suna kama shinge da 'yar aci-balbal, a samu na miya da ƙyar, yau ga shi Allah ya kawo musu har gida. Aka kewaye motar. Masu shara na shara, masu kakkaɓe bonet na kakkaɓewa, wani ya hau kan rufi yana tara hula.

"Allah ya yi maka albarka, direba," in ji Inna Zulaihat. "Gwamnati ce ta turo ka?"

Da mai hankali ne, da ya sunkuyar da kai. Ɗanasabe kuwa jama'a ya gani. Ya buɗe ƙofa ya tsaya a kan matakala, ya ɗaga hannu.

"Ku ɗiba, jama'a, don ku na tsaya. Ni duk garin da na bi sai an san na..."

Shinge uku suka shige masa maƙogwaro tare. Ya sauko yana tari, Balarabe na bubbuga masa baya da ƙarfin da ya wuce na taimako.

"Ɗanasabe." Tun da aka ɗaura auren Saudatu, Alhaji bai taɓa kiran sunansa gatsau ba sai yau. "Kashe fitilun nan."

Ɗanasabe ya tsugunna a cikin laka. "Baba, wato, su irin waɗannan, ba a yi su da wajen kashewa ba."

"Wa ya yi su haka?"

"Ni ne, Baba."

"To kashe motar."

"In na kashe sai turi, Baba. Ga kaya ga laka."

Alhaji ya zare shinge ɗaya daga gemunsa, ya duba shi da kyau, ya ajiye a kan gwiwa. Ɗanasabe ya miƙe daga cikin laka. Ya waiga yana neman mafita, idonsa ya sauka a kan tamfol. Kafin Balarabe ya ce wani abu ya kwance igiya, ya yaye tamfol ɗin daga kan taki, ya haye rufi ya lulluɓe fitilun.

Duhu ya dawo rabi da rabi. Shanu suka yi atishawa suka fara wucewa, makiyayin ya yi godiya ya bi su. Amma mata suka ce ba su san zance ba.

"Haba direba, yanzu fa suka fara fitowa. Ɗaga mana gefe ɗaya."

"Inna, tafiya za mu yi."

"Tafiya ina? Bokitina ko rabi bai yi ba."

Wata ta ja tamfol ta dama, ya ja ta hagu. Samari suka shiga, aka yi ta ja-in-ja, tamfol ya zame ya faɗi ƙasa, haske ya dawo, aka yi guɗa. Nan take wasu suka ga ai tamfol ya fi kwano kama shinge, suka baje shi a gaban mota, ya cika, suka naɗe suka yi cikin gari da shi a guje za su juye.

Ɗanasabe zai bi su ke nan sai Alhaji ya ce, "Ƙaurin mene ne wannan?"

Hayaƙi ne ke fitowa daga ƙarƙashin sitiyari, mai warin ƙonanniyar roba. Jar wayar rediyo ta yi iya yinta tun daga Kiru. Fitilun suka yi ja, suka lumshe, inji ya yi shaƙuwa sau biyu ya mutu. Duhu ya rufe kowa, ba ka jin komai sai kwaɗi da suka zo cin rabonsu.

"Direba, kunna mana," in ji wata murya. "Saura kaɗan."

Ya murɗa mukulli, ko ƙyas. Ya sake murɗawa. A lokacin ne ɗigon farko ya faɗo masa a ƙeya, don hadarin bai tafi ba, zagayawa ya yi. Ɗanasabe ya ruga cikin ƙauyen da bai sani ba, cikin duhu, yana faɗawa kwatami yana tambayar gidan da aka kai tamfol. Kowa ya ce gidan gaba ne. Mutanen garin dai sun yi halin kirki, suka fito suka yi ta jidar buhuna zuwa zauren mai unguwa, amma kafin a kwashe kusan rabi sun sha ruwa, takin na narkewa yana bin bayan masu ɗauka. A zauren suka kwana su uku, in har za a kira wannan kwana.

Da hantsi Ɗahiru mai wayarin ya iso a kan babur, Balarabe ne ya kira shi a waya. Duk ƙauyen na bakin hanya, kowa da ɗan kwanon soyayyen shinge, gari sai ƙamshi. Ɗahiru ya gaida Alhaji, ya shiga ƙarƙashin sitiyari, ya fito da wani baƙin dunƙule da dā waya ne, ya ɗaga kowa ya gani.

"Alhaji, ka yi sadaka. Saura ƙiris motar ta kama da wuta kuna ciki."

"Wayar ce jabu," in ji Ɗanasabe. "Yanzu kayan kasuwa duk..."

Alhaji ya juya wajen Ɗahiru.

"Za ta tashi?" in ji Alhaji.

"Za ta tashi, in an raba ta da waɗancan."

"Raba ta."

Ɗahiru ya hau rufi ya kwance fitilun ɗaya bayan ɗaya, Balarabe na karɓa yana zubawa a wani buhun taki da ya narke ya bar fanko. Aka gyara waya, samari suka tura, tsohuwar a-kori-kura ta tashi da idanunta biyu. Alhaji ya roƙi Ɗahiru ya ja ta zuwa Doguwa, Balarabe ya biyo su da babur. Sannan Alhaji ya ɗauki buhun fitilun da kansa ya ajiye a gaban surukinsa.

"Ga naka, ban rage maka ko noti ba." Ya buɗe tafin hannu. "Ba ni nawa."

Mukullin na jikin mota, amma Ɗanasabe ya ɗaura masa wani ɗan tuntu na fata da ya saya don ya riƙa kaɗawa a wajen mai shayi. A gaban jama'a ya je ya tsaya yana kwance tuntun, ƙullin ya ƙi. Da ƙyar ya fita. Ya dawo ya tsugunna.

"Baba, a yi haƙuri."

"Na yi. Ka gaida gida."

Motar ta shige Falgore da rana tsaka, lafiya lau. Inna Zulaihat ta zo ta danƙa masa ƙullin soyayyen shinge a leda, har da yaji, ta ce don Allah in zai dawo ya aiko tun da wuri su tanadi buhuna.

Sai bayan la'asar ya isa Kiru, mota uku ya canja, buhu a kafaɗa. Ya bi ta bayan gari don kada ya wuce ta gaban mai shayi. Saudatu na tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi buhun, ta dubi ƙofar da ba a ji ƙarar inji ba, ta ajiye rariya. Ya ga idonta ya kawo ruwa, ya tuna sawun da ta yi ta yi zuwa gidansu, kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba ko a gaban Alhaji.

"Ina motar?"

"Tana wajen Baba." Sai halin ya motsa. "Amma ki je ƙauyen nan ki tambaya. Tun da aka kafa shi ba a taɓa..."

"Na ji. Matar Balarabe ta shigo, mijinta ya yi mata waya."

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba. Ya kai buhun ɗaki ya jingine a bayan ƙofa, ya zauna a bakin gado da tuntun a hannu. Magariba ta yi, ba a kawo wuta ba, ɗakin ya yi duhu har ba ya ganin buhun. Daga tsakar gida ya ji muryarta, ba faɗa ba gori.

"Maigida, leƙa gidan Balarabe ka aro mana tocila, zan kwashe tuwo."